Pantheon na Birnin Rum: Abin da Ya Tsayar da Haikalin Gumaka Shekara 1,900

Duk wanda ya zaga tsohon birnin Rum a Italiya zai lura cewa akasarin abin da ake nuna wa baƙo da sunan haikalin Rumawan dā kufai ne. A dandalin Forum, wanda shi ne cibiyar mulki da shari'a da cinikin daular, ginshiƙai 8 kaɗai suka rage wa haikalin Saturn, na Castor da Pollux kuwa 3, babban haikalin Jupiter da ke kan tudun Capitol, wanda ya fi kowanne daraja a idon Rumawa, sai duwatsun harsashinsa ake gani a cikin gidan tarihi. Amma idan mutum ya bar wajen ya kutsa lungunan tsakiyar gari, ba da jimawa ba zai ɓulla wani fili da ake kira Piazza della Rotonda, ya tarar da Pantheon tsaye da rufinsa da ƙofarsa da daɓensa, jama'a na shiga suna fita, kusan shekara 1,900 bayan an kammala shi. Masu raka 'yan yawon buɗe ido sukan ce ƙarfin kankaren Rumawa ne ya kawo shi yau. Maganar tana da tushe, sai dai ba ta ƙare bayanin ba, domin Rumawa sun yi gine-gine da dama da wannan kankaren, kuma yawancinsu sun zube. Abin da ya bambanta Pantheon shi ne bai taɓa rasa mai buƙatarsa ba, kuma waɗanda suka kare shi saboda buƙatarsu su ne dai suka kwashe masa abubuwa mafi tsada.

Abu na farko da ido ke faɗawa a kai shi ne rubutun manyan baƙaƙe da ke saman ginshiƙan gaba, wanda ke cewa Marcus Agrippa ɗan Lucius ne ya gina wannan wuri a lokacin da ya riƙe muƙamin shugabancin birnin karo na uku, wato shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa. Agrippa jarumin yaƙi ne, aminin Sarki Augustus kuma daga baya surukinsa, shi ne ya ci masa yaƙin teku na Actium a shekara ta 31 kafin Miladiyya. Ƙarnuka da yawa mutane suna karanta rubutun suna ɗauka ginin da ke gabansu nasa ne. Ginin Agrippa kuwa gobara ta cinye shi a shekara ta 80 Miladiyya, Sarki Domitian ya sake gina shi, tsawa ta faɗa masa ya sake ƙonewa a shekara ta 110. A 1892 wani Bafaranshe masanin gini mai suna Georges Chédanne ya duba jajayen tubalan bangon, ya ga hatimin da masu gasa tubali na Rum suke bugawa a kansu tun suna ɗanye, hatimin da ke nuna masana'antar da ta yi su da zamanin da aka yi su. Tubalan sun nuna farkon ƙarni na 2. Abin da masana suka fi karkata a kai yanzu shi ne an fara aikin a ƙarshen mulkin Trajan, aka kammala shi a zamanin Hadrian wajen shekara ta 125. Hadrian ya mayar da sunan Agrippa a goshin ginin bai sa nasa ba, kuma an san shi da wannan ɗabi'a a gine-ginen da ya sabunta. Wanda ya ƙura ido ƙarƙashin manyan baƙaƙen zai hangi wani rubutu ƙanana da ya kusa shafewa, na Sarki Septimius Severus da ɗansa Caracalla, waɗanda suka yi wa ginin gyara a shekara ta 202.

Kiransa haikali ma magana ce da ke buƙatar taka-tsantsan. A addinin Rumawa haikali ɗakin gunki ne, ba wurin taron masu ibada ba. Ana ajiye mutum-mutumin abin bautar a ciki, yanka da ƙona hadaya kuwa a waje ake yin su, a kan bagadi da ke gaban matakala, jama'a na tsaye a fili suna kallo. Shi ya sa cikin haikalinsu yakan zama ƙarami mai duhu, adon duk yana waje. Pantheon ya saɓa wa wannan tsari, domin darajarsa tana ciki, a zauren da zai ɗauki ɗimbin mutane. Cassius Dio, marubucin tarihi da ya rayu kusan shekara 100 bayan Hadrian, ya ce akwai gumakan Mars da Venus da mutum-mutumin Julius Caesar a ciki, na Augustus da na Agrippa kuwa a shirayin gaba, saboda Augustus ya ƙi yarda a sa nasa a cikin alloli yana raye. Shi kansa Dio bai tabbatar da dalilin sunan ba: ya ce mai yiwuwa saboda yawan gumakan ne, amma a ganinsa saboda ƙubbar ta yi kama da sararin sama ne. Ya kuma ruwaito cewa Hadrian yakan zauna a nan ya yi shari'a. Idan aka haɗa waɗannan, abin da ke fitowa wuri ne da aka cakuɗa bauta da sarauta a cikinsa, inda gidan sarki ke nuna kusancinsa da alloli, mai ƙara kuma ya tsaya gaban sarkin a ƙarƙashin rufin da aka yi shi don ya ƙanƙantar da duk wanda ya shigo.

Shirayin gaba yana kan ginshiƙai 16, kowanne gundumen dutse ɗaya ne ba haɗi, tsayinsa kusan mita 12, nauyinsa wajen tan 60. Daga Masar aka kawo su: masu ruwan toka daga mahaƙar Mons Claudianus a hamadar gabas, masu ja-ja daga Aswan. Waɗanda aka sassaƙo a hamada sai da aka ja su fiye da kilomita 100 zuwa bakin Nilu, aka ɗora su a kwale-kwalen dakon kaya zuwa Iskandariyya, jirgin ruwa ya haye Bahar Rum da su zuwa tashar Ostia, sannan aka hauro da su kogin Tiber. Italiya ba ta rasa dutse ba, kawo shi daga Masar saƙo ne ga mai kallo cewa hannun sarki ya kai can. Akwai kuma wani abu da mai gaggawa ba ya gani. Idan aka ja da baya zuwa tsakiyar filin aka ɗaga kai, za a ga zanen wani goshi na biyu a jikin bangon da ke bayan shirayin, ya ɗara na gaban tsayi. Wasu masana gini suna fassara shi da cewa an tsara shirayin ne da ginshiƙai masu ƙafa 50 na awon Rumawa, ba su samu ba ko ba su iso ba, aka yi da masu ƙafa 40. Ba a tabbatar da wannan ba, amma ya dace da abin da ido ke gani, wato shirayin ya ɗan gaza wa ginin da ke bayansa.

Da an wuce ƙofar tagulla, sai zauren ya buɗe gaba ɗaya. Faɗin ƙubbar mita 43.3 ne, tsayin daga daɓe zuwa ƙololuwa ma mita 43.3, ta yadda da za a saka ƙwallo mai wannan faɗi a ciki, zai taɓa daɓe da ƙubba daidai. Har yau ba a yi ƙubbar kankare marar rodi da ta fi ta faɗi ba. Matsalar kowace ƙubba ita ce nauyinta ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura bango waje, kuma kankare yana jure danni amma ba ya jure ja. Maginan sun bi wa matsalar ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Sun yi bangon da kauri kusan mita 6, amma ba cike yake ba: nauyin yana sauka ne a kan manyan turaku 8, tsakaninsu ɗakuna ne da lunguna, wasu a bayyane wasu a ɓoye, a cikin bangon kuma akwai bakuna na jan tubali da ke karkatar da nauyi zuwa turakun. Wanda ya zaga bayan ginin zai ga waɗannan bakuna a fili, domin abin da ya rufe bangon waje ya daɗe da tafiya. Daga waje kuma an yi wa gindin ƙubbar zobba masu kama da matakala, waɗanda nauyinsu ke danne inda take son buɗewa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta tsakuwar da aka cuɗa a kankaren. A harsashi an yi amfani da dutse mai nauyi, ana hawa ana sauya shi da mai sauƙi da fasassun tubala, a can sama kuma aka koma ga dutsen nan mai ramuka da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa, wanda saboda rashin nauyinsa har yakan yi iyo a ruwa. Kaurin ƙubbar ma raguwa yake yi, daga kusan mita 6 a gindi zuwa mita 1.2 a bakin kafar sama. Ramukan nan masu kusurwa huɗu da aka jera a cikinta, layi 5 kowanne da guda 28, ado ne kuma ragin nauyi ne. Abin da ke haɗa tsakuwar kuwa farar ƙasa ce da aka kwaɓa da tokar aman wuta irin wadda ake samu a Pozzuoli kusa da Naples da kuma kewayen Rum, haɗin da ke ci gaba da ƙara ƙarfi tsawon shekaru. Rashin rodin ma ya taimaka, domin ƙarfen da ke cikin kankaren zamani idan ruwa ya kai gare shi tsatsa yake yi ya kumbura ya fasa abin da aka sa shi ya riƙe. Duk da haka ƙubbar ba lafiya lau take ba, tana da tsagogi da suka hau daga gindinta, waɗanda aka gani lokacin gyare-gyare, sai dai nauyin zobban da kaurin bangon sun hana su zama ajalinta.

A ƙololuwa akwai kafa zagayayya mai faɗin kusan mita 9, a buɗe take ba gilashi, kuma ita da ƙofa ne kaɗai hanyar haske. Ta cire nauyi daga inda ya fi haɗari, bakinta kuma zobe ne na tubali da ke riƙe matsin da ke zuwa daga ko'ina. Ana yawan gaya wa baƙi cewa ruwan sama ba ya shiga ta wannan kafa. Yana shiga. Idan ana ruwa ma'aikata sukan kewaye tsakiyar zauren da igiya, kuma wanda ya sunkuya ya duba marmarar daɓen zai ga ƙananan huda da ruwan ke bi ya gangara magudanar da ke ƙasa, daɓen kansa kuma an ɗan tayar da tsakiyarsa. Da rana kuwa hasken yana sauka ne dunƙule guda a jikin ƙubbar, yana matsawa sannu a hankali. Ƙofar tana fuskantar arewa, don haka da tsakar rana hasken wajenta yake nufa, kuma wasu masu bincike sun lura cewa a ranar 21 ga Afrilu, ranar da Rumawa ke ɗauka ta kafuwar birninsu, yakan sauka a kan mashigar kanta.

Wannan duka yana bayyana dalilin da ginin bai faɗi da kansa ba. Sai dai yawancin haikalin Rum ba faɗuwa suka yi da kansu ba, cire su aka yi dutse bayan dutse. Bayan daular ta karɓi Kiristanci, Sarki Theodosius ya haramta yanka ga gumaka a 391 da 392, aka rufe wuraren bauta, kuɗin kula da su ya yanke. Birnin da ya taɓa ɗaukar mutum wajen miliyan ɗaya ya koma na dubbai 'yan kaɗan bayan yaƙe-yaƙe da annoba, musamman bayan da mayaƙan ƙabilar Goth suka datse hanyoyin ruwa a 537. Ga waɗanda suka rage, haikalin da ba kowa a ciki mahaƙar dutse ce da aka riga aka sassaƙe: a ɗauki ginshiƙi a kai sabuwar majami'a, a fasa bango a zaro ƙarfen da ya ɗaure duwatsu, a jefa marmara a tanderu a ƙona ta ta zama farar ƙasa. An ci gaba da wannan har zamanin da ake gina manyan fadodin Fafaroma.

Pantheon ya kuɓuta daga tanderu ne a shekara ta 609, lokacin da Fafaroma Boniface na 4 ya roƙi Phocas, sarkin Rumawa da ke zaune a Ƙustantiniyya, ya ba shi ginin, ya mayar da shi majami'a da sunan Maryamu da shahidai. Mai karatu Musulmi zai fi gane zamanin idan aka ce shekara guda bayan haka, a 610, aka tumɓuke Phocas, wanda ya hau gadon kuwa shi ne Hiraƙal, sarkin Rum ɗin nan da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike wa wasiƙa. Tun daga wannan lokaci ginin yana da mai shi, kuma yana da rufin da wani zai damu idan ya fara yoyo. Magina a ƙasar Hausa sun san cewa soron da ake kwana a ciki ana yi masa yaɓe kafin damina, wanda aka ƙaurace wa kuwa damina kaɗan ke mayar da shi tudu, ko da tubalinsu ɗaya ne. Tarihin sauran haikalin Rumawa ya goyi bayan wannan. Haikalin Portunus da ke bakin Tiber yana tsaye saboda ya zama majami'a a ƙarni na 9, na Antoninus da Faustina a Forum ya riƙe ginshiƙansa saboda an gina majami'a a cikinsa, Maison Carrée a birnin Nîmes na Faransa kuwa ya yi zaman gida da majami'a da ofishi kafin ya zama wurin tarihi. Wurin da Pantheon yake ma ya yi masa rana, domin da ruwan tuddai ya yanke, jama'a sun gangaro kwarin da ke kusa da kogi, ginin ya tsinci kansa a tsakiyar unguwar da ba ta taɓa zama kango ba, har 'yan kasuwa suna kafa rumfuna a tsakanin ginshiƙansa.

Kariyar ba kyauta ta zo ba, kuma a nan ne ya kamata mai ziyara ya san abin da ba ya gani. A 663 Sarki Constans na 2 ya zo Rum daga gabas, ya sa aka ɓamɓare fale-falen tagulla masu ruwan zinariya da suka lulluɓe ƙubbar daga waje, ya tafi da su, duk da cewa ginin ya riga ya zama majami'a. Sai a ƙarni na 8 Fafaroma Gregory na 3 ya rufe ta da dalma. A wajen 1625 Fafaroma Urban na 8, ɗan gidan Barberini, ya kwance manyan sandunan tagulla da suka riƙe rufin shirayin tun zamanin Hadrian, aka narkar da akasarinsu aka yi igwa don ganuwar Castel Sant'Angelo, sansanin tsaron Fafaroma. Mutanen gari sun ji zafin abin har suka yi masa habaicin da ake maimaitawa zuwa yau, cewa abin da baƙin mahara ba su yi ba, 'yan Barberini sun yi. A zamaninsa ne kuma aka ɗora wa goshin ginin hasumiyoyin ƙararrawa biyu da jama'a suka laƙaba wa kunnen jaki, waɗanda aka rushe a 1883. Asarar da ta fi ciwo a ganina ita ce ta tsakiyar ƙarni na 18, lokacin Fafaroma Benedict na 14, da aka cire asalin adon marmara na zagayen da ke ƙarƙashin ƙubbar aka maye gurbinsa da na zamanin. Tagullar an ɗauke ta ne don buƙata, wannan kuwa an yi shi ne da niyyar gyara, saboda masu gyaran sun ga kamar maginan farko sun yi kuskure a tsarinsu. A shekarun 1930 an sake kwaikwayon ɗan yanki na asalin adon, yana nan a sama daga gefen dama idan an fuskanci bagadi, kuma wanda ya kwatanta shi da na kusa da shi zai ga yadda na farkon ya fi sauƙi a ido, ya bar ƙubbar tana kamar ba ta zauna a kan komai ba.

Bayan majami'a sai ƙasa ta zo da tata buƙatar. Mai zane Raphael, wanda ya rasu a 1520 yana da shekara 37, ya nemi a binne shi a nan, wasu masu fasaha suka bi sahunsa. Da Italiya ta haɗe ta zama ƙasa ɗaya ta karɓe Rum daga hannun Fafaroma a 1870, sabuwar masarautar ta binne sarkinta na farko, Vittorio Emanuele na 2, a Pantheon a 1878, sannan ɗansa Umberto na 1 da aka kashe a 1900, daga baya kuma Sarauniya Margherita. Zaɓen wurin siyasa ce tsantsa: masarautar da ke takun-saƙa da fadar Fafaroma ta jingina kanta da Rum ta kafin Fafaroma. An soke sarautar a 1946, amma har yanzu akwai 'yan sa-kai da ke tsaron ban-girma a gaban kaburburan.

Saboda haka wanda ya shiga yau yana tsammanin ganin wurin bautar gumaka ba zai ga gunkin Mars ko na Venus ba. Lungunan da suka tsaya a cikinsu yanzu bagadan Kirista ne da kaburbura, ana kuma gudanar da ibada a ciki ranakun Asabar da yamma da Lahadi da safe, lokacin da ake dakatar da 'yan kallo. Ana buƙatar mai shiga ya rufe kafaɗa da gwiwa, ya rage murya. Abin da ya rage na Hadrian shi ne jikin ginin: bango, ƙubba, ginshiƙan ciki na marmara mai ruwan ɗorawa da aka kawo daga Chemtou a ƙasar Tunisiya ta yau, da tsarin daɓen mai zobba da murabba'ai. Har tsayinsa daga waje ya sauya, domin a dā ana hawa matakala ne kafin a kai shirayin, amma ambaliyar Tiber da ɓaraguzan ƙarnuka sun ɗaga ƙasar unguwar, yanzu filin gangarowa yake yi zuwa ƙofar, kuma ramin da aka tona a gefen ginin yana nuna inda asalin ƙasar take.

Buƙatar da ke riƙe da shi a wannan zamani ita ce ta masu yawon buɗe ido, kuma ita ma tana da nata nauyin. Miliyoyin mutane ke taka wannan daɓe kowace shekara, layi yakan cika filin a lokacin bazara, kuma da yawa ba sa wuce 'yan mintoci a ciki, su ɗauki hoton kafar sama su fita. A watan Yulin 2023 aka fara karɓar kuɗin shiga a ƙofa, Yuro 5 a lokacin, bayan shekaru ana shiga kyauta, inda aka tsara kashi 70 cikin 100 ya tafi ma'aikatar al'adu ta Italiya, wadda ke da alhakin kula da ginin, kashi 30 kuma ga hukumar cocin Katolika ta Rum. Mazauna birnin da yara 'yan ƙasa da shekara 18 da masu zuwa ibada ba sa biya. Masu suka sun ce ba a saba sayar da shiga majami'a a Rum ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Ni dai ina ganin kuɗin ya halatta muddin ana ganin sa a jikin ginin, a dalmar da ke rufe ƙubbar, a magudanan da ke ƙarƙashin daɓe, da kuma sa ido a kan tsagogin nan da ke gindin ƙubbar.